Me ya sa fitilar mai ke kamawa idan tsohuwar mota ta tsaya a silo?

Idan kana yawan shiga motocin haya tsakanin Gusau da Kaura Namoda, ko daga Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, kuma kana cikin masu samun kujerar gaba, wataƙila ka taɓa lura da wannan abin. Mota tana gudu lafiya lau, babu wata fitila a gaban direba. Da an iso shingen jami'an tsaro an tsaya, sai wata 'yar jar fitila mai siffar buta ta fara ƙyaftawa. Direba ya ɗan taɓa totur, ta ɗauke. Ya ɗaga ƙafa, ta dawo. Idan ka tambaya, amsar da za ka samu ba ta wuce "ai haka take yi, in ta yi zafi."

Gaskiya ne haka take yi, amma akwai dalili. Wannan rubutu zai bi da kai cikin injin ka ga abin da ke kunna fitilar, me ya sa take zaɓar lokacin da mota ke silo, wato injin na aiki amma ƙafa ba ta kan totur, da kuma yadda za a bambance matsalar da kuɗi kaɗan ke gyarawa da wadda ke nufin injin ya kusa bugawa. A waɗannan hanyoyin, kowa ya san mutuwar mota a tsakiyar daji ba maganar asarar kuɗi ba ce kawai. Maganar rai ce.

Fitilar ba yawan mai take aunawa ba

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka fitilar na nufin baƙin mai ya yi ƙasa. Shi ya sa direba kan zaro sandar geji, ya ga mai na nan cif, ya ce fitilar ce ke ƙarya. To, a yawancin motocin da ke hanyoyinmu jar fitilar ba ruwanta da yawan man da ke kwance a kaskon ƙasan injin. Abin da take kallo shi ne matsin mai, wato ƙarfin da man ke tura bangon hanyoyin da yake bi a cikin injin.

Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Don ka samu abin kwatance, iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota, wadda agogonsa ke nuna 30 zuwa 35, ta kai bar 2 zuwa 2.4. Injin mai lafiya idan yana gudu a kan hanya yakan riƙe matsin mai tsakanin bar 2.5 zuwa 5. Ita kuwa fitilar, wani ɗan suwici ne ke kunna ta, kuma a yawancin motoci ba ya kunnawa sai matsin ya faɗo zuwa wajen bar 0.3, wato 4 ko 5 a agogon mai faci. Ka ga ke nan fitilar ba mai gaggawa ba ce. Kafin ta yi magana, matsin ya riga ya sauka ƙasa ƙwarai.

Yadda ƙarfe ke iyo a kan mai

A ƙasan injin akwai wani babban ƙarfe mai gwiwoyi da ake kira kiranshaf. Shi ne ke karɓar bugun fistin ya mayar da shi juyi. Yana kwance a cikin wasu 'yan faya-fayan ƙarfe masu laushi, kowanne kamar rabin awarwaro, waɗanda makanikai ke kira metal. Ba irin boris ɗin taya ba ne mai ƙwallaye a ciki. Santsi ne kawai a kan santsi, da wata 'yar tazara a tsakani. A sabon injin tazarar ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.06 ba. Silin gashin kanka ɗaya ya kai wajen milimita 0.07, wato ya fi ta kauri.

Abin mamakin shi ne idan injin na aiki daidai, kiranshaf ba ya taɓa metal. Iyo yake yi a kan wani siririn shimfiɗin mai. Kuma labarin yadda aka gano hakan yana da alaƙa da jirgin ƙasa, irin wanda layinsa ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929.

A 1883, wani injiniya a Ingila mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan yadda gatarin ƙafafun jirgin ƙasa ke gogayya da mazauninsa. Ya huda rami a saman mazaunin don ya riƙa ɗiga mai. Da aka fara juyi sai mai ya dinga ɓullowa ta ramin. Ya toshe da toshiyar kwalba, man ya turo ta waje. Ya buga ɗan katako, shi ma aka turo shi. Da ya ɗaura agogon auna matsi a ramin, allurar ta wuce ƙarshen ma'aunin. Babu wani famfo a wurin. Juyin ƙarfen ne da kansa ke jan mai yana cusa shi cikin matsatsiyar tazarar, har matsin da ya taru ya ɗaga nauyin. Bayan shekara uku, a 1886, Farfesa Osborne Reynolds na Manchester ya fitar da lissafin da ya bayyana abin, kuma har gobe da shi ake ƙera injuna.

Wannan na nufin matsi iri biyu ne a injin motarka. Akwai wanda ke ɗauke da nauyi a cikin metal, wanda juyi ke haifarwa, yana kaiwa ɗaruruwan bar lokacin da fistin ya buga. Akwai kuma ɗan ƙaramin matsin da ke cikin hanyoyin mai, wanda fitila ke kallo. Aikin na biyun shi ne ya tabbatar mai na isa ƙofar kowane metal ba yankewa, ya cike gurbin wanda ke tsiyaya ta gefe, ya kuma kwashe zafi. Idan na biyun ya gaza, na farkon ba shi da abin da zai yi aiki da shi. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ke nan.

Famfo mai yake turawa, matsi daga toshiya yake zuwa

Ga mabuɗin maganar baki ɗaya. Ka tuna injin ban-ruwa a fadama. Idan bakin tiyo a buɗe yake, ruwa na kwarara da yawa amma ba ya zuwa nesa. Ka danne rabin bakin da babban yatsa, nan take ruwan ya yi tsiri, tiyon ya yi tauri. Injin bai ƙara ƙarfi ba. Hanyar fita ce ta ragu. Yanzu a ce tiyon ya tsufa ya huhhuje a wurare goma. Ko ka danne bakin, ba zai yi tauri ba, don ruwan ya samu wasu ƙofofin.

Haka famfon mai yake. Wasu haƙoran ƙarfe ne guda biyu ke juyawa, kowane juyi su ɗebo wani adadi na mai daga kasko ta cikin wata rariya, su tura shi ta filta zuwa hanyoyin injin. Matsin da ake gani yana samuwa ne saboda man ba shi da mafita sai ta waɗancan matsatsun tazarorin. Saboda haka matsin mai ya dogara da abubuwa uku: yawan man da famfo ke turowa, kaurin man, da faɗin ƙofofin da yake fita. Dukkan ukun nan suna juya wa tsohon injin baya a lokaci guda, kuma lokacin shi ne idan ya yi zafi yana silo.

Na farko, gudun famfo. Injin ne ke juya famfon, don haka tafiyarsu ɗaya. A kan hanya injin na juyawa sau 2,500 zuwa 3,000 a minti. A silo yana komawa 700 zuwa 900. Man da famfo ke turowa ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A lokacin gudu ma famfon yakan turo fiye da buƙata, har wani bawul mai sifirin ya buɗe ya mayar da rarar kasko. Wannan rarar ce ke rufa wa tsohon injin asiri a kan hanya. A silo babu rara.

Na biyu, zafi. Ka ga yadda manja ke daskarewa da sanyin hunturu, a ɗora shi a wuta ya koma kamar ruwa? Baƙin mai ma haka yake, sai dai ba ya kai wa daskarewa. A ma'aunin kauri inda ruwa ke da 1, man da aka rubuta wa 20W-50 yana da wajen 160 a zafin digiri 40. Idan ya kai digiri 100, sai ya dawo wajen 18. Ya tsinke kusan ninki tara. Shi ya sa da safe fitilar ba ta kamawa. Sai an yi tafiya, man ya gasu, sannan take bayyana.

Na uku, tazara, kuma a nan lissafin ke ba da tsoro. Yawan man da matsi ke iya turawa ta siririyar tazara ba ya ƙaruwa daidai da faɗinta. Yana ƙaruwa ne da faɗin sau faɗin sau faɗin. Idan metal ya cinye har tazarar ta tashi daga milimita 0.04 zuwa 0.06, man da zai iya kuɓucewa ya ninka fiye da sau uku. Idan ta kai 0.08, wato ta ninka biyu kacal, ya ninka sau takwas. Bambancin da idonka ba zai gani ba, bai kai kaurin gashi ba, shi ne ke zubar da matsin. Kuma injin mai fistin huɗu yana da irin waɗannan ƙofofi tara a jikin kiranshaf kaɗai, ban da na kamshaf da ke sama.

Haɗa ukun: famfo na turo kashi ɗaya cikin huɗu, man ya tsinke ninki tara, ƙofofi sun buɗe. Da direba ya taɓa totur, famfo ya ƙara gudu, matsin ya haura bar 0.3, fitila ta ɗauke. Ba wai ya gyara komai ba ne.

Abin da ya sa motocinmu suka fi fama da wannan

Fara da shekaru. Golf 3 da ta cika tashoshinmu an ƙera ta ne daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Mafi ƙanƙantarsu ta haura shekara 25. Yawancinsu sun gama aiki a Turai kafin su shigo ta Kwatano su fara wani sabon aikin. Mu yi ɗan lissafi. Motar da ta yi kilomita 300,000, idan matsakaicin gudunta kilomita 50 ne a awa, ta yi awa 6,000 tana aiki. A juyi 2,000 a minti, kiranshaf ɗinta ya juya sau miliyan 720. Duk tashin injin da safe kuwa, akwai 'yan daƙiƙun da ƙarfe ke gogar ƙarfe kafin mai ya iso.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauyuka cike take da ɓarɓashin yashi, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen metal tauri nesa ba kusa ba. Filtar iska ce ke tare shi. Idan ta yage, ko an bubbuga ta an hura an mayar har ta gaji, ko an cire ta gaba ɗaya don "mota ta sha iska", yashin na bi ta gefen ringi ya sauka cikin mai. Shimfiɗin man da kiranshaf ke iyo a kai a wurin da ya fi siranta bai wuce 'yan kasoshi cikin dubu na milimita ba. Ƙwayar ƙurar da ta fi shi girma sai ta karce ƙarfe kafin ta wuce.

Sai zafi da lodi. Daga Maris zuwa Mayu zafin arewacin Zamfara na haura digiri 40. Ka ɗauki motar da aka yi wa lodin buhuna da fasinja ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, lagireto ya toshe da ƙura ta waje da tsatsa ta ciki. Man da ke cikinta zai iya wuce digiri 110. Sannan ga tsayawa a shingaye, wani lokacin a bi dogon layi injin na kunne. Babu iskar gudu da ke sanyaya kasko, famfo na tafiyar hawainiya. Da za a tambayi injiniya ya tsara yanayin da zai tona asirin tsohon metal, da wannan zai tsara.

Sai shi kansa man. Man da ake aunawa daga duro ko jarka a bakin hanya, ba ka da hanyar sanin mene ne. Hukumar SON ta sha yin gargaɗi a kan jabun man injin, ciki har da tsurar man da ba a zuba masa sinadaran da ke hana shi tsinkewa da ƙonewa ba. A hannu yana da yauƙi kamar na kirki. A digiri 100 ne bambancin ke fitowa. Araha dai ba ta ado. Ko man kirki ne ma, idan aka daɗe ba a yi juye ba, fetur ɗin da bai ƙone ba yana sauka ciki ya tsinka shi. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garejinmu, yana ƙara wannan, don injin na daɗewa bai kai zafin da zai ƙone fetur sarai ba, musamman da safiyar hunturu.

Akwai kuma tsadar fetur. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kowane direba na neman inda zai rage sha. Wasu kan sa a sassauto musu silo har injin na kakkarwa. Ɗan fetur ɗin da aka tsimi bai taka kara ya karya ba, amma an ƙara rage gudun famfo a daidai lokacin da ya fi rauni.

Ba kullum ne metal ba

Kafin kowa ya ce a sauke injin, ka sani abubuwa da dama na iya kunna fitilar nan, kuma hankali shi ne a bi su daga mai araha zuwa mai tsada.

Yawan mai da ingancinsa. A duba sandar geji mota na tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe ta da 'yan mintuna. Idan man ya yi ƙasa ƙwarai famfo kan shaƙi iska. A shinshina shi. Idan yana warin fetur, ko ya haura alamar sama alhali ba a ƙara ba, fetur ne ke shiga. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ke shiga, wannan kuma wata maganar ce ta gasket.

Suwicin da wayarsa. Ɗan ƙaramin abu ne mai araha, yana tsufa, yana yoyo, yana iya kunna fitila alhali matsi na nan. Wayarsa ma idan ta goge ta taɓa jikin injin, fitila za ta riƙa ƙyaftawa da kowane girgiza.

Silo. Idan ya sauka ƙasa da abin da kamfani ya tsara, a mayar da shi daidai.

Filtar mai. Jabu ko wadda ta toshe tana rage abin da ke wucewa.

Rariyar famfo. Tsohon mai kan zama baƙin kwalta ya toshe ta. Haka ma gam ɗin da ake lafta wa gasket: rarar da ta matso ta ciki tana gutsurewa ta faɗa kasko ta manne a rariya. Alamar wannan ta ɗan bambanta, don sau da yawa matsin na ƙara faɗuwa ne idan an ba da wuta, saboda famfon na neman mai da yawa ta ƙofar da ta toshe.

Bawul ɗin rara. Idan datti ya maƙale shi a buɗe, mai na komawa kasko kai tsaye.

Famfon kansa. Yana cinyewa, amma shi ne ɓangaren da ya fi kowa wanka da mai, don haka ba kasafai yake riga metal mutuwa ba. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo fitila ta ci gaba da kamawa, saboda an canza injin ban-ruwa an bar hujajjen tiyo.

Daga ƙarshe, metal da kiranshaf.

A auna kafin a yanke hukunci

Abin da ke raba gardama agogo ne na auna matsin mai. Ana kwance suwicin, a ɗaura agogon a raminsa, a tayar da injin. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a bari injin ya yi zafi sosai, an zaga da motar, fanka ta kama. Awon da aka yi da sanyin safiya yaudara ce, ka dai ga abin da zafi ke yi wa mai. A karanta a silo, a karanta a juyi 2,000, a karanta a 3,000.

Kamfanoni na rubuta mafi ƙarancin da suka yarda da shi. Ga injinan Volkswagen na zamanin Golf 3, ƙa'idar ita ce aƙalla bar 2 a juyi 2,000 idan man ya kai digiri 80. Ga injinan Toyota da yawa, abin da aka rubuta na silo shi ne bar 0.3 ko fiye. Tsofaffin makanikai kuma na da wani ƙiyasi na wajen bar 0.7 ga kowane juyi 1,000.

Idan agogo ya nuna matsi mai kyau a silo amma fitila na kamawa, suwici ne ko waya, ka huta. Idan matsin ya yi ƙasa a silo amma yana tashi da kyau ya cika ƙa'ida a 2,000, injin ya tsufa ne, yana da sauran kwana idan aka lallaɓa shi. Idan ya yi ƙasa a ko'ina, a sauke kasko a duba rariya, a buɗe metal a gani. Idan jan ƙarfe ya fara leƙowa a fuskarsa, ko ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin man da aka juye, magana ta ƙare.

Masu Golf su lura da wani abu. Da yawa daga cikinsu suwici biyu gare su: ɗaya na kallon wajen bar 0.3, ɗayan kuma na kallon matsi mafi girma idan injin ya haura juyi 2,000, shi ne ke haɗe da ƙararrawa. Idan ƙararrawar nan ta yi kuka kana cikin gudu, wannan ya fi ƙyaftawar silo muni sosai.

Gyara na gaskiya shi ne a auna kiranshaf. Idan bai cinye ba, sabon metal daidai girmansa ya isa. Idan ya cinye ko ya daina zama da'ira, ana kai shi a gurza milimita 0.25 ko 0.50, a sa metal mai kaurin da ya dace da gurzar. Sa sabon metal a kan kiranshaf mai kaushi kuwa zubar da kuɗi ne.

Dabarun tasha, da abin da kowace ke yi

Man da ya fi kauri. Wannan na da tushe a kimiyya. A digiri 100, man da lambarsa ta ƙarshe 30 ce kaurinsa 9.3 zuwa 12.5 ne, mai 40 yana da 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma 16.3 zuwa 21.9. Hawa mataki ɗaya zai ɗaga matsi, kuma ga tsohon injin a zafinmu hakan na iya dacewa. Amma lokaci kawai ka saya, ƙarfen da ya cinye bai dawo ba. Sannan injinan baya-bayan nan, masu siraran hanyoyi da na'urar da ke sarrafa kamshaf da matsin mai, ba sa son man da ya wuce abin da aka rubuta musu. Su kuma waɗancan ruwan gwangwani masu kaurin zuma da ake ƙarawa, aikinsu kaurara mai ne, da safe kuma su jinkirta isarsa saman injin.

Ɗaga silo. Mayar da shi daidai gyara ne. Ɗaga shi fiye da kima don fitila ta yi shiru rufe ido ne.

Cire wayar suwici, ko cire ƙwan fitilar, ko liƙe ta da baƙin salatif. Wannan ce mafi haɗari, don ranar da matsin zai tafi gaba ɗaya babu mai faɗa maka. Idan za ka sayi mota, ko kai ne mai motar da wani ke ja, ga gwaji mai sauƙi: murɗa makulli rabi ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar mai ta nuna kanta, sannan ta ɗauke cikin daƙiƙa biyu ko uku bayan injin ya tashi. Idan ba ta nuna ba sam, wani ya rufe mata baki.

Idan ta kama a hanya

Akwai hali biyu, kada ka haɗa su. Idan tana ƙyaftawa a silo kaɗai, tana ɗaukewa da ɗan taɓa totur, mai na nan a geji, babu baƙon ƙara, allurar zafi na tsakiya, za ka iya ƙarasawa gari mafi kusa a hankali, ba dogon giya a ƙaramin gudu, ba kuma tsananin wuta. A layin shinge mai tsawo, kashe injin ya fi barinsa yana silo, in dai ka san zai tashi.

Idan kuwa ta kama ta zauna alhali kana gudu, ko ka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasan injin da ke ƙaruwa da totur, mai ba ya isa metal. A wannan halin mintuna kaɗan sun isa ƙarfe ya narke ya kama kiranshaf. A ko'ina cikin duniya shawarar ita ce a tsaya nan take a kashe injin. Amma mun san akwai wurare tsakanin Kaura da Moriki, ko Zurmi da Gurbin Ɓore, da direba zai gwammace ya rasa injin da ya tsaya. Babu wanda zai ga laifinsa. Abin da kimiyya za ta iya yi shi ne ta hana a kai ga wannan zaɓin, don irin wannan mutuwar ba kasafai take zuwa ba sallama ba. Injin kan yi makonni ko watanni yana ƙyafta fitila a silo kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Agogon auna matsin mai kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin injin ba, awon kuma bai wuce rabin awa ba. Ko makaniki ɗaya ba zai iya saye ba, ƙungiyar direbobi a kowace tasha za ta iya ajiye guda, a riƙa auna duk motar da fitilarta ta fara magana kafin a ba ta layin lodi. Kai kuma mai mota, ka rubuta abin da agogon ya nuna da ranar da aka auna. Bayan wata uku a sake. Lamba ɗaya na faɗa maka inda injin yake. Lambobi biyu na faɗa maka saurin da yake gangarawa, da lokacin da ya kamata ka fara tara kuɗin metal.